Ranar da Na Kai Inna Wajen Muhawara

Lokacin ba a ba mu jiha ba tukuna, ina zaune a unguwar Bukan Sidi, cikin garin Lafia. Da safe ina gonar doya, bayan la'asar ina ajin yaƙi da jahilci. Malamin da ke koya mana shi ne kuma mai shirya 'yan muhawara a sakandaren da 'yata ta biyu take. Wata rana da aka tashi sai ya tsayar da ni.

"Baba, 'yarka ta fi kowa hujja, amma tana tashi gaban mutane sai ta sunkuyar da kai. Abokin karawa ya yi magana, ta ce haka ne. Ranar Asabar 'yan sakandaren Doma za su zo, za a kara kan zaman gari da zaman ƙauye, mu ke kare gari. In ta sake yi, dole in sa wani a madadinta."

Na san ni na koya mata hakan. A gidanmu yaro ba ya kallon babba ido cikin ido, ba ya ce masa a'a. Ga shi tana son abin nan da ranta. Na sha ganinta bayan ɗaki tana yi wa bishiyar mangwaro jawabi da Turanci.

Na gwada ta da kaina. Na ce, "Rogo ya fi doya daɗi. Ki musa mini." Ta durƙusa ta ce, "Haka ne, Baba."

Washegari ina gyaran ƙotar fartanya sai na ji hayaniya a madafa. Inna ce, mahaifiyata, wadda muka ɗauko daga ƙauyen Kwandere, ita da jikar tata mai muhawarar.

"Garin naku da ruwan sha ma sai an saya? Mu can rafi na nan."

"Tsohuwa, da ƙafarki ta kumbura, rafin aka kai ki ko asibitin Lafia?"

"Ji mara kunya! Wa ya goya ki?"

"A gari kika yi goyon ai, kina cin burodi."

Jika da kaka abokan wasa ne, babu kunya tsakaninsu. Na ajiye fartanyar na daɗe ina saurare. Ko sau ɗaya yarinyar ba ta ce haka ne ba.

Ranar Asabar na ce wa Inna ta sa zanenta na unguwa. Na samo mata kujera a sahun gaba, dab da teburin 'yan Doma. Na kira 'yata gefe na ce, "Kada ki dubi alƙalai, kada ki dubi yaran can. Ga abokiyar gardamarki nan zaune."

Yaron Doma ya fara, kuma ya iya. Wata malama tana fassara wa Inna a kunne. Yana gamawa Inna ta ɗaga murya ta ce, "Yaron nan ɗan albarka ne, ya faɗi gaskiya!" Ɗakin ya ɗauki dariya, sai da mai lura da lokaci ya kaɗa ƙararrawa.

'Yata ta tashi, kanta a ƙasa. Sai Inna ta ce, "To, 'yar gari, bakin ya mutu ne?"

Ta ɗago. Ban ji yawancin Turancin ba, amma na san muryar, ta madafa ce. Ta kama ƙugu da hannu ɗaya, ɗayan yana nuna sahun gaba, tana ɗauko maganganun yaron ɗaya bayan ɗaya tana rushewa. Abokan nata biyu da suka biyo baya suka ɗora a kai, har ƙaraminsu ya manta da takardar da ke hannunsa.

Da alƙalai suka gama shawara aka rubuta sakamako a allo. Ban jira an karanta mini ba. Na bi haruffan a hankali, na ga sunan makarantar 'yata a sama. Ɗalibai suka yi ta dukan benci. Ni da ba na ɗaga murya ko a gona, sai ga ni tsaye ina ihu, hulata a hannu.

Malam ya ratso taron yana share gumi. Ya ce 'yata ce za ta buɗe musu a karawa ta gaba, a Jos. Sannan ya rusuna ya tambayi Inna ko za ta samu zuwa.

Inna ta ce alƙalan nan duk 'yan gari ne, shi ya sa. Amma za ta je, in dai a gaban mota za a sa ta.