Alkakin Gwaggo Sa'ada

Shekara arba'in Gwaggo Sa'ada ta yi tana alkaki a Getso, kuma garar amarya ba ta cika sai da nata. Har daga Masanawa mata ke zuwa da kwallayensu. Alkakinta yakan yi wata uku bai yi tauri ba. Sai dai ban taɓa ganin mace mai baƙin ciki irinta ba.

Ni matar ɗan ƙaninta ce. Shekara shida ina ɓarza mata alkama, ina murzawa, ina suya har idona ya yi ja. Amma da zarar an zo dafa ruwan sukari, inda sirrin yake, sai ta ce, "Ikilima, je ki dubo min awaki." Kafin in dawo ta jefa abin da za ta jefa, ta rufe tukunya. Ranar da na tambaye ta, cewa ta yi tsamiya ce kawai. Na gwada a bikin ƙanwata, alkakin ya fito kamar tsakuwa, dangin ango suka mayar da mu abin dariya.

Yanzu ta tsufa, haɗin ma ta manta shi. Garar amarya ta koma kek daga Gwarzo. Jiya aka kawo mata yanka ɗaya, ta ɗanɗana ta tofar, ta ce 'yan zamani sun kashe alkaki.

Na ce, "A'a, Gwaggo. A hannunki ya mutu, ina can wajen awaki."