Kawu Mai Rediyo, Wanda Doka Ta Ce Lafiyarsa Ƙalau

Akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, Kawu: ranar da alƙali ya sallame ka, murna na yi. Yau ga ni ina rubuta ta'aziyyarka. Allah Ya karɓi abinsa ranar Laraba, tara ga wata, da hantsi, kana zaune a shagonka na gyaran rediyo. Daga gare Shi muke, can kuma za mu.

Kai kaɗai ne ba ka taɓa yi mini faɗa kan littattafan soyayya ba. In bango ya ɓalle sai ka liƙe mini da gam ɗin aikinka, kana cewa, "'Yar Littafi, har yanzu saurayin nan bai furta ba? Wannan ai ya fi tsohon batir sanyi!" Ni da ba na iya haɗa ido da mutum, a shagonka nake ƙyalƙyala dariya.

Daga baya ka fara jin murya a rediyoyin da ba a kunna ba. Ta ce ka daina cin abinci, ka daina. Yadda na kai maka kwano, haka nake dawo da shi. Asibiti ka ƙi, likita kuma ya ce ba zai riƙe ka dole ba sai da umarnin kotu. Mama, yayarka, ta nemi lauya don a samo umarnin.

Ranar zaman, Mama ta ce ƙaninta ba zai tsaya gaban mutane a wulaƙance ba. Aka yi maka aski, ta goge maka riga mai faɗi wadda ta rufe ƙasusuwanka, ta fesa maka turare. Alƙali ya tambaye ka sunanka, da ranar, da abin da ya kawo ka. Ka amsa tiryan-tiryan, har ka ce masa lasifikarsa tana son gyara. Aka yi dariya. Alƙali ya ce lafiyarka ƙalau, ya sallame ka.

A waje lauya ya ce mana doka ba ta tambayar ko mutum yana shan wuya. Abin da take tambaya, ya san abin da yake yi? Yana shirin halaka wani ko kansa?

Mama ta ce, "To yunwa fa, ranka ya daɗe?"

Ya ce, "Yunwa a hankali take ci, Hajiya. Kotu kuwa abin da ta gani a ranar take dubawa."

A littattafaina, in aka saki mutum labari ya ƙare lafiya. Naka haka muka zuba ido yana ƙarewa, ba mai ikon taɓa ka.

Allah Ya jiƙanka, Kawu, Ya sa ciwon nan ya zama kaffara, Ya ba ka makwanci inda babu muryar da za ta dame ka. Ya ba Kaka, mahaifiyarka, da sauran dangi haƙurin rashinka.

Mama ce ta ƙi haƙura. Tana ɗaki tana ta maimaita, "Ni na goge rigar nan." Na so in ɓoye takardar nan a ƙasan akwati, amma nauyin ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Bari in je in miƙa mata, ko da kaina a sunkuye.