Makullin da Ya Tafi Cikin Aljihu

Da wannan damina shekara shida ke nan da rasuwar ɗana na fari. Gero ya fara fitar da kai lokacin da muka rabu da shi, bana ma ya fitar, sai dai gonar tamu ta wajen Ɗan Isa yanzu ba kullum ake iya zuwa duba ta ba. Masu karatu ku yi mini haƙuri, ba zan rubuta sunansa ba. Ban taɓa kiransa da bakina ba yana raye, haka muka tarar iyayenmu suna yi da ɗan fari, kuma hannun da ya koyi rubutu a ajin yaƙi da jahilci bayan furfura ta fara fita ba zai fi bakin rashin kunya ba. A gida Mai Shago nake ce masa.

Shagon ɗan ƙarami ne a nan Ƙaura Namoda. A kwamfuta yake zana katin biki da kalanda da takardar da ake liƙawa a buhun shinkafa, sannan ya kai wa abokinsa Malam Sani mai injin bugawa. Masu wannan sana'a suna da yawa, amma shi an san shi da abu guda: kala. Na taɓa jin yana yi wa ƙanwarsa bayani a tsakar gida, ina daga ɗaki. Ya ce abin da ake gani a allon kwamfuta haske ne, abin da ke kan takarda kuwa tawada ce, kuma ba sa jin yaren juna sai an zauna an sasanta su. In ba haka ba, mutum ja sai ya fito kamar an shafa masa toka.

Sau ɗaya na ga aikin da idona. Na biyo ta shagon zan je gaisuwar rasuwa, na tarar da wani dattijo daga Zurmi ya kawo hoton mahaifinsa guda ɗaya da ya rage masa, yana so a ƙara masa girma. Mai Shago ya bugo fuskar a 'yan ƙananan takardu har kala bakwai, ya jera a kan tebur. Dattijon yana ta cewa, "Ai wanga ma ya yi, ɗana, kar ka wahala." Shi kuwa ya ƙi. Ya koma ya taɓa nan ya taɓa can, ya je ya bugo na takwas. Dattijon ya ɗauka ya duba, sai ya sa bakin rawaninsa ya goge ido. Ni ina zaune a bakin ƙofa, idona a ƙasa kamar yadda na saba in yana wuri. Ban ce masa ya yi ƙoƙari ba. Uwa ba ta yabon ɗan fari a gaban mutane.

Manhajar da yake aikin da ita daga wani kamfani na ƙasar waje ya saye ta, kuma ba ta buɗewa sai an cusa wani ɗan abu a gefen kwamfutar, tsawonsa bai kai ɗan yatsa ba. Makulli yake ce masa. A cikinsa lasisin yake. Ba ya barinsa a shago, kullum yana aljihun ƙirjin rigarsa. Wannan duk daga baya na sani.

Zazzaɓi ne na kwana huɗu. Bayan an kai shi, aka tattaro tufafinsa aka kawo mini in ware na sadaka, don matarsa Rabi ba ta cikin hayyacinta. Na ninke su ɗaya bayan ɗaya. Ban sa hannu a aljihu ko ɗaya ba. Yadda ban taɓa laluben kayansa yana raye ba, sai na ga kamar in na yi yanzu na ci amanarsa. Rigarsa ta shadda ruwan ƙasa, wadda ya sa ranar da ciwon ya kama shi, na ba wani tsoho ɗan gudun hijira daga wajen Badarawa da ke zama kusa da masallacinmu. Ya yi ta sa albarka.

Sai bayan sadakar arba'in Malam Sani ya zo ya kunna kwamfutar. Ta kama lafiya lau, amma manhajar ta ce a sa makulli. Aka zazzage shago, aka zazzage ɗakin Rabi. Da aka kwatanta mini abin da inda yake ajiye shi, sai na tuna da rigar shaddar nan da na bayar sadaka. Tsohon ya riga ya tashi. Wasu suka ce Shinkafi ya nufa, wasu suka ce ya tsallaka Nijar. Malam Sani ya bi shi Shinkafi sau ɗaya ran kasuwa bai same shi ba. Da ya ce zai koma, ni na hana shi. Hanyar nan ba wadda za a tura uban 'ya'yan wani ba ce saboda abin da bai kai ɗan yatsa ba.

An rubuta wa kamfanin. Amsar da Malam Sani ya fassara mini ita ce sun daina ƙera irin wannan makulli, kuma lasisin na mai sunan ne shi kaɗai. Mai sunan kuwa yana maƙabarta.

Ba katunan mutane suka dame ni ba. Mai Shago ya gyara fuskokin rabin garin nan, amma shi ba ya son a ɗauke shi hoto. Guda ɗaya ke gare mu, na ranar sunan 'yarsa, wadda ya sa wa sunana ake ce mata Ummi. A ƙarƙashin shuɗin tamfol aka ɗauka, shuɗin ya zauna masa a fuska. Ya gyara shi da kansa don kalandar shago, kuma Malam Sani ya rantse ya gani a allo, ya ce shi ne sak, kamar zai yi magana. Wannan gyararren yana cikin manhajar. Wanda ke hannunmu shi ne na wayar Rabi, marar gyara.

Malam Sani ya yi iya yinsa da wata manhajar, ya bugo kala uku ya kawo gida. Ƙanen mahaifin Mai Shago ya nuna na farko ya ce shi ne, yaron baƙi ne kamar ubansa. Rabi ta ce, "Haba Baffa, wanga ai kamar ya kwana a maƙera," ta nuna na uku. Baffan ya ce mata so ne ya wanke mata shi a ido. Har an ɗan yi dariya. Sai Malam Sani ya turo takardun gabana ya ce, "Inna, ke kinka haife shi, ke za ki raba gardamar ga."

Na duba na farko, na duba na biyu, na duba na uku. Tun da aka yaye shi aka kai shi wajen kakarsa, ban tuna ranar da na tsaya na kalli fuskarsa ido da ido ba. In ya shigo gaida ni, ya durƙusa, na kau da kai. Na ce musu idona ne ba ya gani sosai.

Ina yawan tunanin abin da zai ce da ya ga garin yau. Kowa ya zama mai zane a waya. Ana liƙa fosta a bango, fuskar mutum ta fito kore-kore ko fari fat kamar ba ɗan ƙasar nan ba, ba mai cewa a sake. Wataƙila ya yi dariya, wataƙila ya rufe shagon. Masu kawo masa aiki daga Zurmi da Shinkafi ma da yawansu sun bar garuruwansu, hotunan iyayensu sun tsaya a gidajen da ba mai komawa. Wa zai zauna ya buga fuska sau takwas a irin wannan zamani?

Kwamfutar tana ɗakina, na lulluɓe ta da atamfa. Malam Sani kan zo ya kunna ta lokaci-lokaci don kada ta mutu. Zuwansa na ƙarshe ya nuna mini yadda batirin cikinta ya fara kumbura, ya ce da wuya ta ga wata bazarar. Na daina tambayar matafiya ko sun ga tsoho mai riga ruwan ƙasa. Ko yana raye, rigar ta sha wanki shekara shida.

Rabi ta yi aure, Ummi tana wajena, ta shiga shekara ta bakwai. Makon jiya ta buɗe akwatina ta ciro takardun nan uku, ta shimfiɗa a tabarma.

"Takwara, wanne ne Babana?"

Na ce, "Duka shi ne."

Ta ce, "Ke tsohuwar ga, mutum ɗaya shina da kala ukku? Ki faɗi gaskiya."

Na ci gaba da kallon takardun. Ta gaji da jira, ta ɗauki na tsakiya ta ce wannan ta zaɓa, ta sa aka kafa mata shi a bango saitin inda take kwanciya. A cikin ukun, shi ne wanda zuciyata ta fi ƙi. Ban ce mata e ba, ban ce mata a'a ba, don ba ni da abin da zan dogara da shi.

Abin da ya rage mini nasa kaɗan ne, amma na riƙe shi da kyau. Na san sallamarsa daga zaure. Na san yadda yake cire takalmin hagu kafin na dama. Na san tabon lauje a babban yatsan ƙafarsa, da jijiyar da ta bi ta kan idon sawunsa, da yadda ƙurar tasha ke kwanciya masa a dunduniya. Shekara talatin da biyu ina kallon wurin in ya zo gaisuwa. Da a ce ƙafafunsa aka ɗauka a hoton nan, da tun ranar farko na raba musu gardama, da Ummi ba ta jira amsa ba.

Allah Ya jiƙan Mai Shago, Ya haskaka masa makwancinsa. Ni kuma Ya nuna mini fuskarsa a inda babu sauran kau da kai.