Bindigar Ranar Suna

Duk lokacin da na ƙyasta ashana don in hura wuta, akwai wani ɗan wari da ke tashi kafin itace ya kama. Ba ya daɗewa, bai kai a ja numfashi biyu ba. Amma a cikinsa nakan ga tsakar gidanmu, da rumbun ƙasa mai hular ciyawa, da Baba zaune a kan tabarma da bindiga a cinyarsa. Haka albarushi ke wari. In ba ka tashi a gidan da ake ajiye bindigar toka ba, wataƙila ba za ka gane ni da wuri ba, sai dai ka yi haƙuri ka saurara.

Ƙauyenmu yana tsakanin Isa da Bafarawa. Ba za ni faɗi sunansa ba, don har yanzu akwai waɗanda ke kwana a cikinsa.

Bindigar ta kakana ce, mahaifin Baba. Ya saye ta a hannun wani maƙeri tun yana fatauci da jakuna zuwa Maraɗi. Ni ban same shi da rai ba, ita na samu. Lokacin da nake shekara bakwai ta fi ni tsawo. Gindinta na itace ya yi baƙi saboda hannuwan da suka riƙe shi, kuma akwai wata tsaga a gefe da aka ɗaure da fatar akuya. Tana rataye a ɗakin Baba, a naɗe cikin wani tsohon gwado. Ba a hana mu shiga ɗakin ba, amma ba wanda ya taɓa kai hannu wajen.

Da kaka, bayan an gama zuba damman gero a rumbu, Baba yakan sauko da ita da hantsi. Ya karɓi ɗan man shanu wurin Inna a cikin murfin kwano, ya goge ta da tsumma tun daga baki har gindi. Inda tsumma ba ya shiga, sai ya sa gashin kaza. Ba ya magana in yana wannan aiki. Mu ma mukan yi shiru ba tare da an ce mu yi ba.

Aikinta ɗaya ne a gidanmu. Ranar suna, da liman ya raɗa wa jariri suna aka shafa fatiha, Baba zai zagaya bayan rumbu. Ya ɗura albarushi zalla, babu harsashi, ya danna shi da tsumma, ya kankare kan ashana ya sa a wurin da wuta ke kamawa. Sai ya ɗaga bakinta sama ya ja kunama. Kaji su watse, jaki ya fara kuka, mata su ɗauki guɗa. A ƙauyukan da ke kewaye da mu, masu noma su ɗaga kai su ce an haihu gidan mai bindiga, kafin azahar ka ga suna shigowa barka. Harbi ɗaya ne, ko mace ko namiji. An yi wa Baba, an yi wa ƙannensa, an yi mini, an yi wa ƙanena. Bayan wannan sai ta koma kan bango, wani lokaci shekara biyu ko uku ba a ji muryarta ba.

An sha taya ta. Wani ɗan kasuwa daga Nijar da ke sauka a zaurenmu ya taɓa cewa zai ba da tunkiya da ɗanta. A shekarar ruwa ya ɗauke da wuri, tuwonmu ya koma sau ɗaya a yini. Ina kusa da murhu lokacin da Inna ta yi masa maganar.

"Malam, ka ba shi mana. Ko zabuwa ba ta taɓa kashe muna ba."

"Ita ma ba ta taɓa cin tuwonki ba," in ji Baba. "Mi tat tsare miki?"

Inna ta yi dariya duk da ba ta so ba. Ɗan kasuwar ya tafi da tunkiyarsa.

Na girma, aka yi mini aure can wajen Kurawa. A cikin shekarun nan ne abubuwa suka fara canjawa, a hankali da farko. Aka kore shanun wani. Aka tare masu dawowa daga kasuwar Bafarawa. Ƙarar babur, wadda a da muke gudu mu tarba don mun san baƙo ne ko tsaraba, ta zama abin da ke sa mace ta ajiye taɓarya ta kasa kunne. Ba ma kiran sunansu. Mutanen daji kawai muke cewa, shi ma da ƙaramar murya.

Daga baya garinmu ya yi sulhu da su don a samu a yi noma. Cikin sharuɗɗan akwai cewa duk mai bindiga ya kai ta wurin mai gari a miƙa musu, kuma duk garin da aka ji harbi a cikinsa, za su ɗauka yana ɓoye 'yan sa-kai. Mafarauta suka kai nasu. Baba bai kai ba. Ya sauko da ita daga bango, ya hau tsani ya sa ta a cikin rumbu. Mai gari sa'ansa ne, tare aka yi musu kaciya. Ya sani, ya kau da kai.

Na dawo gida haihuwar fari a tsakiyar damina. Wanda ya san ƙasarmu ya san wannan lokaci. Gero ya fi mutum tsawo, ya rufe hanyoyi, ba ka ganin mai zuwa sai ya iso bakin danga. Rumbu kuma ya kusa ƙarewa, saura 'yan dammai a ƙasa. Na haifi mace ranar Talata da safe.

Tun kafin in haihu Inna ta ɗauki ƙahon da Baba ke ajiye albarushi ta juye shi a masai. Ba ta san yana da wani a cikin 'yar kwalbar turare ba. Ana gobe suna, da la'asar, na ji ta ita da Baba a ƙofar ɗakin da nake jego.

"Malam, don Allah ka rufa muna asiri. Wanga karo a bari."

"Tun daga kaina ba a tsallake kowa ba. Wagga ɗiya mi tay yi?"

"Lokacin ne ba irin na da ba."

"Ɗan kaɗan za ni sa. Cikin rumbu za ni zura bakinta. Ko maƙwabta ba su ji."

Ina jin su, jaririya tana kan ƙirjina. Baba bai taɓa ƙin maganata ba. Da na ɗaga labule na ce masa na yafe, na san zai bari. Ban ɗaga ba. Gaskiyar da ban taɓa faɗa wa Inna ba ita ce, a cikin raina ina so a yi wa ɗiyata abin da aka yi mini.

Da safe aka taru a ƙofar gida, ba mutane da yawa ba. Liman ya raɗa suna, aka shafa. Ta ƙofar ɗaki na hango Baba ya jingina tsani, ya hau, ya ture hular rumbun gefe. Ya jawo bindigar, ya ɗura ta a can sama, ya zura bakinta ciki. Shi a tunaninsa bangon ƙasa zai haɗiye ƙarar. Da rumbun a cike yake, wataƙila da haka ta faru. Amma rumbun da kusan ba komai a cikinsa kamar ganga yake. Ƙarar da ta fito ban taɓa jin irinta ba a duk sunayen da aka yi a gidanmu. Sai da ƙasa ta zubo daga rufin ɗakina. Ta bi ta kan gonaki ta tafi, muna jin amsawarta can wajen gulbi.

Ba wadda ta yi guɗa. Hayaƙi yana fitowa daga bakin rumbu a hankali, Baba yana tsaye a kan tsani yana kallonsa. A waje na ji mutane suna neman takalmansu. Aka yanka rago cikin sauri. Wainar da aka kwana biyu ana shirinta ta yini a cikin kwanoni, kuma daga ƙauyukan kewaye ba wanda ya zo barka.

Kwana biyu ba abin da ya faru. Maza ba su je gona mai nisa ba. Mata suna daka suna tsayawa. A rana ta uku da hantsi mai gari ya yi sallama, bai zauna a zaure ba, ya shigo har tsakar gida, abin da bai taɓa yi ba.

"Sun aiko," ya ce wa Baba. "Sun ce a kai ta bakin gulbi kahin la'asar, kuma mai ita shi kai ta da hannunai. In ba a kai ba, su za su zo su ɗauka."

"Ka hwaɗa musu ta suna ce?"

"Na hwaɗa. Na ce ko harsashi ba ta da shi. Dariya sunka yi."

Ƙanena ya ce shi zai kai. Baba bai ko dube shi ba. Inna ta ce wa Baba ya bi ta bayan gari ya nufi Isa, a aika da bindigar ta hannun wani. Ya ce in ya gudu, garin ne zai biya, kuma ba garin ne ya ja kunama ba.

Ya nemi man shanu. Inna ta kawo masa. Ya zauna a kan tabarma ya goge ta tun daga baki har gindi, bai yi gaggawa ba, ya naɗe ta cikin gwadonta. Ya yi alwala, ya yi azahar, ya sa farar rigarsa ta Juma'a. Sannan ya shigo ɗakina ya karɓi jaririyar, ya daɗe yana dubanta, ya tofa mata addu'a a ka. Ni kuma ya ce mini in riƙa shan kunun kanwa da zafinsa. Iyakar abin da ya ce mini ke nan.

Mai jego ba ta fita, amma na fita har bakin danga. Ya saɓa ta a kafaɗa ya shiga 'yar hanyar da ta ratsa gonaki. Taku kaɗan gero ya rufe shi. Abin da ya rage muna gani shi ne kan bindigar a cikin gwado, yana tafiya a saman zangarniya, yana ɗan karkata hagu da dama, har shi ma ya ɓace.

Ba mu ji harbi ba. Ba su kira waya ba kamar yadda sukan yi in sun riƙe mutum. Mai gari ya aika sau biyu, aka ce masa kar ya ƙara tambaya.

A rana ta tara da tafiyarsa wata tsohuwar Bafulatana, wadda ta shekara ashirin tana kawo wa Inna nono, ta shigo da ƙunshin itace a ka. Ta sauke shi a bayan ɗaki, ta kwance igiya. Bindigar tana tsakiya, gwadon ya jiƙe da ruwan sama.

"Gindin wata tsamiya na ishe ta, an yar," in ji ta. "Wallahi, ƙawa, ita ɗai na ishe. Na duba."

Ashe ko so ba su yi ba. Ba ta yi musu amfanin komai ba.

Inna ba ta yi kuka a gabanmu ba. Ta shanya gwadon, ta sake naɗe bindigar, ta sa a cikin buhu. Ita da kanta ta haƙa rami a ɗakin Baba, ta binne ta, ta daɓe wurin ta shimfiɗa tabarmarsa a kai. Da aka yanke abin da aka samu na gero a shekarar, muka kwashe muka dawo Isa, gidan wani ɗan'uwan Inna. Mijina ya biyo mu daga baya.

Damina huɗu ke nan. Har yau ba a yi wa Baba salla ba, don ba wanda ya ce ya ga gawarsa. Yanzu in an haihu a ƙauyukanmu, liman da mutum uku ko huɗu ne a cikin zaure, a raɗa suna a watse. Ba wanda ke son a ji daga nesa cewa gidansa akwai rago. Ɗiyata tana wasa a ƙofar gida da 'ya'yan mutanen da su ma suka baro nasu garuruwan, kuma ba ta san komai game da ranar sunanta ba. Ban san ranar da za ni faɗa mata ba, ko ta ina za ni fara.

In wani ya shigo daga ƙauye ranar kasuwa, Inna ba ta tambayar gona, ba ta tambayar wa ya rasu. Abu ɗaya take tambaya, ko rufin ɗakin Malam yana nan, ko ruwa na shiga. Wanda ya zo makon jiya ya ce gefe ɗaya ya rufta.

Ƙanena yana wurin, ya ji. Matarsa tana da ciki wata bakwai. Da Inna ta shiga ɗaki ya ce mini da zarar an yanke gero, hanya ta buɗe, zai je ya tono bindigar kafin tsatsa ta cinye ta. Na ce masa ƙarfe ne da itace. Na ce masa ya dubi matarsa. Na faɗa masa duk abin da ya kamata in faɗa wa Baba a wancan yammacin. Ya saurare ni har na gama, kansa a ƙasa.

"Ba harbawa za ni yi ba, Yaya," ya ce. "Ɗauko ta kawai za ni yi."

Jiya na fita bayan gari neman itace. Gero ya fara nuna.