Wasiƙa Biyu Zuwa Bambeye

Ranar wata Litinin, ƙarfe takwas na safe, a shekarar da gero ya ƙone a gonakin Adar kafin ya fid da kai. Ina ajin shekara ta uku a kwalejin da nake koyar da Faransanci a Tawa, ni da ɗalibaina. Darasin watan shi ne rubutun shawo kan mai karatu.

Wani ɗalibi ɗan Bambeye, mai kyan rubutu, ya ce mini daga ƙarshen wata ba zai sake zuwa ba. Mahaifinsa ya aiko ya koma gida, zai bi ƙanin uban zuwa Abijan neman abin da za a ci. Na tambaye shi ko yana son tafiyar. Ya ce a'a. Da yardarsa na mai da maganar aikin aji: mu rubuta wasiƙar da za ta sa uban ya bar shi.

Na koya musu abin da aka koya mini: ka faɗi matsayinka, ka jera hujjoji, ka rushe na abokin gardama. Kwana huɗu muna gyara a allo. Darakta ya leƙo ya karanta, ya ce a goge kalmar yunwa, domin zamanin soja ne, a sa "halin da ake ciki". Muka ba wani direba mai zuwa Bambeye wasiƙar ranar Lahadi, da kasuwa ta tashi.

Abin da ban tambaya ba shi ne yadda wasiƙa ke isa ga mutum a ƙauye. Uban ba ya karatun boko. Wani tsohon soja ne ke karanta wa garin wasiƙu, bayan la'asar, a ƙofar masallaci, yana fassarawa da ƙarfi kowa na ji. Haka aka karanta tamu: na ɗaya, na biyu, na uku. Direban ya kawo amsa da baka. Uban ya ce tunda yaro ya kai ƙirga masa magana gaban jama'a, to ya zo cikin makon nan, ba sai ƙarshen wata ba.

Na faɗa wa ajin amsar. Sai wata ɗaliba 'yar Affala ta ɗaga hannu.

"Malam, kai haka kake yi ma babanka magana?"

Aka yi dariya. Na ce a'a.

"To, mi ya sa munka yi ma nashi?"

Na miƙa mata alli. Wasiƙa ta biyu su suka rubuta, ni ina gyara nahawu kawai. Rabin farko gaisuwa ce, har da tsohon sojan da dattawan ƙofar masallaci. Sai neman gafara. Sai labari: maigidan da yaron yake zaune a wurinsa a Tawa yana ciyar da shi safe da dare, kuma ya ce ba zai fasa ba; saura shekara ɗaya da 'yan watanni a yi jarrabawar ƙarshe. Babu inda aka rubuta "saboda haka". Layin ƙarshe yaron da kansa ya faɗa: abin da Baba ya yanke, shi za ni yi.

Na ce musu ban ga hujja a ciki ba. Yarinyar ta ce suna nan duka, an dai bar wa uban ya faɗe su da bakinsa.

Lahadin da ta biyo, direban ya ce da aka gama karatu uban ya shaida wa mutane ya yanke yaron ya zauna, ko ba komai bakin ci ɗaya ya ragu a gida.

Ƙanin uban ya tafi Abijan shi kaɗai. Yaron ya zauna jarrabawa a shekarar karatun da ta biyo.