Takardar Sakin Lonzo Pettway

Lonzo Pettway mijin yayata Earline ne. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana gyaran injina a masana'antar sarrafa tarwaɗa da ke bakin garinmu, nan Mississippi. Gajere ne kakkaura, ba shi da yawan magana. In ka tambaye shi gida sai ya ce "Lafiya lau," ya mai da kai kan abin da yake yi. Ranar Lahadi shi ke tuƙa motar coci, yana bi gida-gida yana ɗauko tsofaffin da ƙafa ta gaza.

Yana da shekara sittin da ɗaya aka rufe masana'antar. Earline ta ce ya zauna ya huta haka nan, ya ce zaman gida zai kashe shi kafin hawan jini. Sai ya nemi aikin tuƙa motar 'yan makaranta. Ya ci gwajin tuƙi, likita ya ce garau yake, aka ɗauki hoton yatsunsa. Bayan mako biyu aka kira shi ofishin ilimi na gunduma.

Matar da ke ɗaukar ma'aikata ta rufe ƙofa kafin ta zauna. Ta ce, "Mista Pettway, an taɓa kama ka?"

Ya ce, "Sau ɗaya. Agustan 1986. Kwana huɗu na yi."

"To, bincike ya nuna an shigar da kai gidan yarin gunduma, amma bai nuna an sake ka ba, bai kuma nuna yadda maganar ta ƙare ba."

"Madam, ai ga ni zaune gabanki."

"Na gan ka mana. Amma ba kai zan saka cikin fayil ba, takarda zan saka. Kawo mini takardar saki, aiki naka ne."

Ni da Earline mun san labarin, 'ya'yansa ne ba su sani ba. Yana ɗan shekara ashirin da biyu, a wajen suyar kifi ta ranar Asabar, wani ya zagi mahaifiyarsa a bainar jama'a. Naushi ɗaya Lonzo ya yi masa, haƙori ya fita. Daga baya mutumin ya ji kunya ya janye ƙara, maganar ba ta ko kai gaban alƙali ba.

Ranar da yamma ya faɗa wa 'yarsa Renita, wadda take aikin jinya. Ta ajiye cokali ta dube shi.

"Baba! Kai da ko ƙuda sai ka buɗe masa taga ya fita?"

"Dariya za ki yi ko taimakona?"

Ta yi duka biyun. Ta buɗe shafin gidan yarin a wayarta, ga sunaye da hotunan waɗanda ke tsare, ga jerin waɗanda aka saki. Ta yi ta jan allon har ƙasa, sannan ta girgiza kai. "Na kwana uku kaɗai suke nunawa. Naka shekara talatin da tara ne."

Washegari ya tafi gidan yarin da ƙafarsa. Jami'ar da ke bayan gilashi ta ba shi fom na neman bayanan hukuma, ta ce kowa na da 'yancin cikewa. Ya cike, ya jira mako biyu, wasiƙa ta zo da layi ɗaya: ba a samu bayani ba. Ya wuce kotu wajen Miss Ozella, magatakardar da suka shekara ashirin suna coci ɗaya. Ta duba kwamfuta, ta duba akwatunan kati, babu komai, tunda ba a taɓa yin shari'ar ba. Abin da ta sani kawai, an rufe tsohon gidan yarin a 1994, an kwashe littattafansa, kuma duk wanda ta tambaya inda aka kai su sai ya nuna mata wani.

Ana cikin haka aka koma makaranta, aka ba wani direba motar. Earline ta ce, "Ka haƙura mana. Kantin kayan gini na neman mutum, ba ruwansu da wata takarda."

Ya ce, "Yanzu ba maganar aiki ba ce, Earline. Ashe duk shekarun nan sunana na kwance a can ciki ban sani ba. Sai na fito da shi."

Ya sayi ɗan littafi ya shiga rubuta sunan duk wanda ya taɓa aiki a tsohon gidan yarin. Ya tambaya a shagon aski, ya tambayi mai shirya jana'iza, ya duba tsofaffin jaridu a ɗakin karatu. Suna goma sha ɗaya ya samu. Takwas sun rasu, ɗaya ya koma Texas, ɗaya ya daina gane ko 'ya'yansa. Saura Hoyt Gaddis, gandiroban da ya rufe shi da hannunsa.

Ni na raka shi, don Earline ta ce ba zai je shi kaɗai ba. Muka tarar da shi, tsohon Bature, a baranda yana ɓarar wake, shekararsa tamanin da takwas. Bai ce mu zauna ba.

"Kai ɗan waye?"

"Ɗan Mattie Pettway ne, yallaɓai."

Tsohon ya ajiye waken. "Mattie mai guga? Ita ce ta kafa mini zama a bakin ƙofa da kwanon abinci. Na kore ta ya fi sau goma, kamar da dutse nake magana." Ya ƙare wa Lonzo kallo. "Me ka sake yi?"

"Ban yi komai ba. Takarda ce ta ce ba ka sake ni ba."

"Ƙarya take! Ban taɓa riƙe mutum ya wuce ranarsa ba."

Sai ya yi mana bayani. Littafi biyu suke amfani da su a zamaninsa, baƙi na shiga, kore na fita. Da yaran kwamfuta suka zo kwafe sunaye, baƙaƙen kaɗai aka ba su, don an riga an kwashe korayen lokacin da rufi ya yi yoyo. Ya ce, "Ka duba rumfar ma'aikatar hanyoyi, bayan inda suke ajiye motocin gyaran titi. In ɓeraye sun rage maka."

Lonzo ya yi godiya. Bai miƙa hannu ba, tsohon ma bai miƙo ba.

Buɗe rumfar kuwa sai da izinin majalisar gunduma, wadda ke zama Litinin ɗin farko na kowane wata, gaban duk wanda ya ga damar zuwa. Wannan ya fi komai yi masa nauyi. Ya sa kwat ɗinsa na coci, ya miƙe a ɗakin da ke cike da mutanen da suka san shi, ya faɗi sunansa, ya faɗi abin da ya yi a 1986, ya faɗi abin da yake nema. Aka amince, bisa sharaɗin magatakarda ta kasance tare da shi.

Kwana uku suka yi a rumfar. Kwalaye ne jibge har rufi, haɗe da tsofaffin allunan titi da tayoyi. Ranar farko rina ta harbe shi a kunne. Miss Ozella ta kifa bokiti ta zauna a bakin ƙofa tana fifita.

"Lonzo, in maciji ya fito, ni ban san ka ba."

"Ki dai riƙe hatiminki da kyau, Miss Ozella."

Ran na uku da hantsi ya ɗaga wani tamfol a lungu ya ga akwatin ƙarfe. Korayen littattafai ne goma sha huɗu a ciki. Ruwa ya taɓa gefen na 1986, wasu shafuka sun manne, Miss Ozella ta yi ta raba su da bakin wuƙa a hankali. Sai ga shi: Laraba, 13 ga Agusta. Pettway, Lonzo. An janye ƙara. An miƙa shi ga mahaifiyarsa. A ƙarshen layin ga sa hannun Mattie da manyan haruffa karkatattu, irin na wadda ta koyi rubutu da girmanta.

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwarta, kuma ba su da ko wasiƙa ɗaya da rubutunta. Miss Ozella ta ce mini ya zauna a ƙasa da littafin a cinya, ita kuma ta fita ta ba shi wuri. Da ta dawo sai ya ce, "Kwafi biyu za ki yi mini."

Ta buga hatimi a duka biyun. Ɗaya ya kai ofishin ilimi a ranar, da ƙurar rumfa a jikinsa da kumburarren kunne. Matar ta karanta, ta saka a fayil, ta ce sai dai ya jira Janairu, lokacin da wata direba za ta yi ritaya. Ya ce ya iya jira.

An mai da littattafan zuwa kotu. Miss Ozella ta gwada su da abin da ke cikin kwamfuta, ta samu mutum fiye da ɗari uku da aka shigar ba a fitar ba, kuma tana nan tana gyarawa ɗaya bayan ɗaya duk ranar da aiki ya yi mata sauƙi. Lonzo ya kama aiki cikin sanyin Janairu. Hanyar bakin kogi aka ba shi, wadda sauran direbobi ke gudu saboda ramuka da taɓo. Makonsa na biyu ya fara rubuta wa ma'aikatar hanyoyi wasiƙa a kan ramukan. Ya zuwa yanzu ya aika huɗu, sun cike guda biyu.