Ranar da Aka Kai Keken Kabon Wurin Mai Walda

Ko yau na ji ana jan igiyar janareta sai gabana ya faɗi, saboda wani yammacin Asabar da ba ya fita daga raina.

A lokacin ina tuƙa wani Alhaji a Nassarawa GRA. Likita ya ce masa suga ya yi yawa, ya rage shiga mota. Sai ya ƙudurta zuwa ofis a keke, tunda ba nisa. Wani dillali ya kawo masa kekuna biyu na kabon, ja da ruwan toka, a kan a zaɓi ɗaya a mayar masa da ɗaya yadda ya kawo shi. Alhaji zai tafi Abuja, sai ya kira ni a bakin get.

"Malam, kai ka girma a kan keke. Zaɓar mini wanda za a sa wa kariya a baya don ɗora jakata, da madigadi, kada caɓin damina ya ɓata mini fararen kaya. Amana na bar maka."

Na ce to, amma raina bai kwanta ba. Kekunan da na sani baƙaƙe ne masu nauyi, ana ɗora musu buhun masara. Waɗannan kuwa da yatsu biyu nake ɗaga su. Na ƙwanƙwasa jikinsu, sai na ji kamar ƙwarya.

Da yamma na tafi ajinmu na yaƙi da jahilci. Malaminmu mutumin Zariya ne, shi ma mahayin keke. Da aka tashi na nuna masa hotunan a waya, na ce ina tunanin ja, in ya so a kai wa mai walda ya liƙa kariya.

Malamin ya cire tabarau. "Walda? Baba, so kake ka gasa shi? Wannan ba ƙarfe ba ne, zare ne aka haɗa da danƙo. Wuta ta taɓa shi, ya tashi aiki." Ya buɗa hoton mai ruwan tokar, ya nuna mini wasu 'yan ramuka kusa da tayoyi da ƙarƙashin sirdi. Ya ce nan ake ɗaura kariya da madigadi da noti, kuma akwai sarari tsakanin taya da firam. Jan kuwa na tsere ne zalla, ba shi da ko ɗaya.

Na koma gida da murna, sai na tarar da keke ɗaya a gareji. Kuku ya leƙo ta taga ya ce maigadi ya ji abin da Alhaji ya faɗa da safe, ya tura jan zuwa wurin ƙanensa mai walda a Tudun Wada, wai zai sauƙaƙa mini aiki.

Nan take na ciro waya. Na kira wayar maigadin, sai ga ta tana ƙara a kan bencinsa. Na tari adaidaita sahu, muka faɗa cunkoso, ina ta salati. Ba tsadar keken kaɗai nake gani ba. Fuskar Alhaji nake gani, mutumin da bai taɓa tambayata ina na kai motarsa ba. Da wane baki zan ce masa a rana ɗaya amanar ta ƙone?

Na same su a bakin shago. Keken yana kwance a ƙasa, an jingina masa wata tsohuwar kariya mai tsatsa. An ɗauke wuta tun azahar, mai waldar yana ta jan igiyar janareta, tana tari tana mutuwa. Ban taɓa yi wa Allah godiya a kan ɗauke wuta ba sai ranar.

"Tsaya! Don Allah tsaya!"

Maigadi ya yi dariya. "Direba, wa ya biyo ka? Yanzu za a gama, ka samu yabo a banza."

Ina haki na faɗa musu abin da malaminmu ya ce. Mai waldar ya ɗauko maganaɗisu ya manna a firam, ya faɗo ƙasa. Ya sake mannawa, ya sake faɗowa.

"Yaya, wannan roba ka kawo mini?"

A daidai nan ya bar janaretar ba tare da ta kama ba, ni kuma na zauna a kan wata tsohuwar taya. A kafaɗa na saɓo keken har gida, ban yarda tayarsa ta taɓa ƙasa ba. Maigadi yana bina a baya yana ba ni haƙuri, ni ma ban iya yi masa faɗa ba, tunda ɗazu shawarata ke nan.

Mai ruwan tokar na zaɓa. Dillali ya duba jan ciki da bai, ya tafi da abinsa, ya dawo da kariya da madigadi, ya ɗaura su da ɗan sifana ba tare da ko tartsatsi ba.

Tun daga nan, in aka ba ni ajiyar abin da ban sani ba, sai na tambayi da me aka yi shi kafin in yi tunanin gyara. Kuma nakan kulle gareji, don masu son taimaka mini sun fi ɓarayi saurin hannu.